Kwanar Bayan Firiza

Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Na faɗa da bakina, an faɗa mini har ba adadi, amma har yau in na tashi da safe kofi biyu nake jerawa kafin in tuna. Baba ya rasu.

Gidanmu na unguwar Glenwood, nan Amurka, ƙarami ne, irin waɗanda ɗalibai ke haya, don haka da aka dawo daga maƙabarta bai ɗauke jama'a ba. Mata suka cika falo da kicin, maza suka tsaya a kan ciyawar ƙofar gida, sai ga ruwa ya sauko. Wani bawan Allah ya ɗaga ƙofar gareji don a fake. Na fito da tiren shayi na tarar da su cirko-cirko a bakin ƙofa, ruwa na dukansu, an rasa mai shiga.

Abin da suka gani shi ne duniyar Baba. Faffaɗan katako a kan ƙafafu ya cinye garejin, siririn layin dogo ya zagaya a kansa, ga tashoshi, ga gada, ga tsaunin da aka yi da tsohuwar jarida da gam, ga 'yan jiragen ƙasa masu bututun hayaƙi, kowanne bai fi tafin hannu ba. Sai guda ɗaya babba, baƙi wuluk, yana tsaye shi kaɗai da taragai a bayansa, hancinsa na kallon firizata.

Wata Hajiya 'yar unguwar Sedgefield ta leƙo ta bayana ta ce, "Ikon Allah! Ashe da gaske ne. Dattijo kamar Alhaji da kayan wasan yara?" A hankali ta faɗa, amma kunnen mai makoki ba ya barci. Wallahi da wata rana ce ba wannan ba, da ta koma Sedgefield da abin ba da labari. Na haɗiye, na miƙa mata shayi.

Limaminmu ya sunkuya ya daɗe yana kallon tashoshin, ya yi wa Baba addu'a. Samari suka zaro waya suna ɗauka. Aminin Baba, wani Alhaji mutumin Maraɗi, shi ne ya ratsa su ya shiga, ya zauna a kan bokitin fentin da ya saba zama, ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe fuska. Kukan tsoho ba daɗin ji.

Mutum ɗaya ne bai ko juyo ba. Yaya, ɗan farin Baba, yana can bakin titi a cikin ruwa, ya ba garejin baya. Da jama'a suka ragu ya same ni a kicin ya ce, "Auta, bayan addu'ar bakwai zan zo in kwashe kayan can. Ki samu wurin ajiye motarki."

Na ce, "Kayan can? Haka za ka kira su?"

Ya ce, "Me kike so in kira su?" Ya ɗauki makullinsa ya fita.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba zan yarda a tuna ubana a matsayin tsohon da ya koma yarinta a ƙasar mutane ba.

* * *

Baba ɗan reluwe ne. Tun yana saurayi ya shiga, a Zariya, da goge jikin inji ya fara, daga baya ya zama mai zuba kwal. Hannuwansa har gwiwa duk tabon tartsatsi ne, muna yara mukan taɓa mu tambaya, ya ce wannan na hawan Jos ne, wannan na Kafanchan. Burinsa ɗaya a duniya, ya zauna a kujerar direban jirgin kwal. Da lokacinsa ya zo aka ba shi kujerar, sai ya tarar an jingine masu kwal an kawo masu dizal. Ya tuƙa su har ya yi ritaya, bai taɓa son su ba. Cewa yake, "Mai dizal mota ce da ta ɓata hanya. Mai kwal kuwa numfashi yake yi, kana jin ranar da ba shi da lafiya."

Bayan rasuwar Mama, Yaya ya yi masa takardu ya kawo shi gidansa na Summerfield, can bayan gari, ƙaton gida, ga fili, ga dawakin maƙwabta. Baba bai daɗe ba ya haɗa jakarsa ya ce a kai shi Glenwood. Wai gidan da ba ka jin tarin maƙwabcinka ai kabari ne da kafet, nan kuwa ga bas, ga masu rage masa hanya zuwa masallaci. Kowa ya yarda da wannan hujjar. Ni dai na san a daidai lokacin aurena ya fara rushewa, mijina ya bar gidan, ina zaune ni kaɗai ina cin biredi a tsaye. Bai taɓa cewa don ni ya zo ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Yaya kuwa ya ɗauka gidansa aka raina.

Sanyin farko ya kusa kashe mana shi. Wuni yake a bakin taga da carbi, yana ta ramewa. Da gari ya yi ɗumi, wani Bature a layinmu ya baza tsofaffin kayansa a ƙofar gida yana sayarwa, Baba ya je kallo ya dawo rungume da kwali kamar wanda ya ɗauko jariri daga asibiti. Ɗan kan jirgi ne mai aiki da lantarki, da guntayen dogo. A ranar na ji dariyarsa ta farko tun mutuwar Mama, na ce to, a bar shi ya yi abinsa. Ashe na jawo wa kaina.

Daga teburin cin abinci abin ya koma gareji. Motata ta koma kwana a titi, da sanyi ina kankare ƙanƙara a gilashi ina mita, shi kuma yana leƙowa ta taga yana ba ni shawarar yadda ake kankarewa. Ranar da na gan shi da igiyar awo yana zagaya firizata, na ce a'a, nan kam an zo iyaka.

"Baba, na ba ka gareji, na ba ka teburin guga, har maɗaukin da nake juya nama ka ɗauke. Firiza kam ko gwamna ne ya zo ba ta motsi. Ina zan zuba naman layya?"

"Haba Auta, ƙasa guda za ki hana wa jirgi saboda ƙafar saniya da kuɓewa?"

"Na hana."

Ya shafa gemu, ya ce, "To, ai dutse ma ba ya matsawa. Zagaye shi ake yi."

Haka aka haifi kwanar bayan firiza. Ya ɗan janyo firizar daga bango, ya kafa siririn katako, ya lanƙwasa dogo ya bi ta bayanta ya ɓullo ta ɗaya gefen. Matsattsiyar kwana ce kamar gwiwar hannu, kuma in jirgi ya shige ta ba ka ganinsa, sai dai ka ji. Duk wanda ya faɗi a can, da maɗaukin namana ake zaro shi.

Kwanar nan ta ci ransa, shi ma ya ci nata. Ya cusa siririn kwali a ƙarƙashin dogon waje don ya ɗan ɗaga, jirgi ya jingina ciki. Taragai masu nauyi a gaba, marasa nauyi a baya, in ba haka ba kwana ta fizge na tsakiya. Wanda ya cika sakayau, sai ya manna masa noti a ciki. Kullum da hantsi zai goge dogon da ƙyallen tsohon zanin Mama, ya ɗiga mai a bututu don hayaƙi ya tashi, ya zauna a 'yar kujerarsa gaban akwatin wuta, ya kama abin murɗawa da yatsa biyu. In jirgi ya doshi firiza sai ya rage wuta, ya danna usur, ya rufe ido ya karkata kunne.

"Ba a shiga kwana da gudu," in ji shi, "ba a kuma tsayawa a cikinta. In ka kai tsakiya, ƙara wuta."

Na ji wannan maganar har na gaji, ina cewa a raina, tsoho da maimaici. Sai ranar da kotu ta gama raba ni da mijina. Na dawo na faka a ƙofar gida na kasa fitowa daga mota. Ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce in zo in riƙe masa wani abu, hannunsa na ciwo. Ba abin da ya samu hannunsa. Ya zaunar da ni a kujerarsa, ya sa ni na tayar da ƙaramin jirgi. Da ya shige bayan firiza na ji ƙafafunsa na ƙara, na tsorata na saki. Baba ya ɗora yatsunsa a kan nawa ya murɗa.

"Ba a nan ake tsayawa ba, Auta."

Jirgin ya fito. Na kifa kai a kan katakon na yi kukan da na daɗe ina ajiyewa.

Tashoshinsa ba kowa a cikinsu. Da farko akwai 'yan mutum-mutumin da suka zo a kwalin Baturen, sai Liman ya zo gaishe shi ya gan su, ya ɗan yi gyaran murya. Baba bai yi musu ba, ya tattara su ya mayar wa mai su. Na ce, "Baba, jirgi ba fasinja?" Ya ce, "Fasinjojina duk sun riga ni tafiya."

Fasinja ɗaya ya rage masa, shi ne Alhajin Maraɗi. In ya taso daga shagonsa sai ya zo da filas ɗin shayi ya hau bokitin fenti, yana jefo Faransancinsa.

"Bon, direba, yau ina muka nufa?"

"Ƙaura Namoda."

"Voilà! Ka sauke ni can, na ƙarasa gida a mota."

"Ka ji mini mutum. Ƙasarku ba jirgi, sai da ka yi furfura a Amurka ka samu na hawa, kuma har kana zaɓen tasha."

Su yi ta dariya har tari ya sarƙe Baba, in fito in yi musu faɗa su duka biyun.

* * *

Yanzu sai maganar da ta fi yi mini ciwo.

Baba mutumin da ne, Yaya kuma ɗan fari. Wanda ya tashi a gida ya san abin da nake nufi. Tun da aka haifi Yaya, Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, a ɗakin kakarmu ma ya girma. "Wancan" yake cewa, ko "yayanki", da aka zo nan ya koma "mutumin Summerfield". In suna ɗaki ɗaya, ta kaina magana ke bi. A Zariya ba mai ganin aibun haka, kunya ce, kowa ya san abin da ke ƙarƙashinta. Amma Yaya da ƙuruciya ya zo ƙasar nan, ya ga iyaye maza na rungume 'ya'yansu a filin makaranta, shi ma nasa yaran kullum "I love you" kafin su hau bas. Ya taɓa ce mini, "Ke kina da uba. Ni Alhaji nake da shi."

Akwai wani tsohon hoton Baba yana leƙowa daga ƙaton jirgin kwal, fuska duk baƙi, haƙora kaɗai ke haske. Yaya ya ɗauki hoton a waya, ya yi wata da watanni yana bin masu sayar da irin waɗannan kaya, har ya samo ɗan jirgin da ya fi kama da na hoton. Ranar Babbar Sallah ya kawo. Baba ya buɗe kwalin. Jirgi ne na gaske, ƙanƙantarsa kawai aka yi, ƙafafun tuƙi biyar a kowane gefe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ki ce Allah ya yi albarka." Yaya na tsaye a gabansa da shaddarsa ta Sallah.

Aka ɗora shi a kan dogo. Kai, ban taɓa ganin abu mai kyan tafiya haka ba. Ya miƙe yana hayaƙi, ya tsallake gada, ya doshi firiza, Baba ya rage wuta. Yana sa hanci a kwanar sai ya hau kan dogo ya kwanta gefe guda. Aka sake gwadawa, ya sake kwanciya. Jirgin ya yi wa kwanar tsawo. Kowace ƙafa tana da ɗan leɓe ta ciki mai riƙe dogo, ƙafafu biyar a jere kuwa ba sa lanƙwasa, na gaba da na baya su kama, na tsakiya su ture.

Na dubi Yaya ina tausayinsa, sai na ga fuskarsa ta washe.

"Ka gani, Baba? Fili yake so. Basement ɗina, ɗakin nan na ƙarƙashin gida, ba komai a ciki, sai ka yi irin kwanar da ka ga dama. Ka dawo gida kawai."

Sai a lokacin na gane. Ashe jirgin biko ne.

Baba ya ɗauke jirgin daga kan dogo ya mayar da shi kwalinsa. Bayan Yaya ya tafi na ce wa Baba na janye, a fitar da firizar, naman layya ya ruɓe in ya ga dama. Ya ɗauko igiyarsa ya auna, ya girgiza kai, ya ce ko ba firiza bangon ya yi kusa, garejin ne bai kai ba. Na ce to ko zai koma Summerfield ɗin? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wa zai nuna miki yadda ake kankare gilashi?"

Washegari ya aike ni in sayo masa ƙaramin magagari. Ya kwance jirgin, ya zauna da tabarau biyu a hanci yana goge leɓen ƙafafun tsakiya kaɗan-kaɗan, ya goga ya hure, ya goga ya hure. Ya ce a reluwe ma akwai manyan injunan da ake barin ƙafafun tsakiyarsu ba leɓe, don su samu sarari a kwana. Idonsa har ruwa yake yi, bai fasa ba.

Ana haka wata Asabar Yaya ya shigo da ledar magungunan Baba. Ya tarar da jirgin kwance rigingine a kan tawul, garin ƙarfe ko'ina.

"Me nake gani haka?"

Baba ya ce mini, "Ki ce masa gyara ake yi."

"Gyara? Ka san wahalar da na sha kafin in samo shi? Sabo fil, ka sa masa magagari?" Hausa ta ƙare masa ya koma Turanci. "You'd rather cut it up than live in my house."

"Auta, ki ce masa..."

"Ga ni a gabanka, Baba! Ni za ka ce wa. Sau ɗaya dai, ni."

Baba ya buɗe baki. Na rantse da Allah na ga ya buɗe. Sai ya sunkuyar da kai ya hure garin ƙarfen da ke kan tawul. Yaya ya ajiye ledar a kan firiza ya fita, kuma daga ranar ƙafarsa ba ta sake taka garejin nan ba.

Kada wani ya ce ya yar da ubansa. Duk mako yana zuwa, ya durƙusa ya gaida shi a falo, ya kawo cefane, ya kai shi ganin likita. Garejin ne kawai ya haramta wa kansa.

Baba ya gama aikinsa, ya harhaɗa jirgin, ya ɗaura masa taragai, ya tsayar da shi a ɗan layin gefe dab da kwanar. Ya bar shi a nan. Kullum ya goge shi, ya ɗiga masa mai, ya tayar da ƙananan su wuce ta gefensa.

Na ce, "Baba, ka tayar mana da shi mu ga ko aikin ya yi."

"Mai kaya bai zo ba."

"Ai na ga kana tura shi da hannu a kan guntun dogo, yana tafiya."

"Hannu yana kara, Auta. Wuta ce ba ta kara. Sai an ba shi wuta da kaya a bayansa za a san gaskiya, ni kuwa ba zan san ta ni kaɗai ba."

Na zama 'yar aike tsakanin masu taurin kai biyu. Na je wa Yaya na ce Baba na jiransa. Ya ce, "Shi ya ce in zo?" Na ce ya ce mai kaya bai zo ba. Ya ce, "To, in ya san sunan mai kayan, ya kira shi." Na dawo na sauke wa Baba nawa kwandon. Na ce haba Baba, nan fa ba Zariya ba ce, ba kaka ba gwaggo da za su yi maka dariya, ɗanka ne, ka ɗaga waya ka kira shi da bakinka! Ya bar ni na gama tas, ya ce, "Harshen da bai saba ba, ba a koya masa da furfura." Na buga ƙofa na bar masa garejin. Da na leƙo daga baya, yana zaune ya ɗora yatsa a kan rufin babban jirgin.

Sallah ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Tarin nan nasa na kwal, wanda muka saba da shi tun muna yara, ya sauka ƙirji ya zauna. Aka kwantar da shi a asibiti. Yaya ya ajiye aiki ya tare a gindin gadon, shi ke matsa masa ƙafa, shi ke ba shi ruwa a cokali. Wata la'asar Baba ya buɗe ido ya ce mini, "Ki riƙa ɗiga wa babban jirgin mai. Kada ya bushe." Yaya ya ji, hannunsa ya tsaya a kan ƙafar Baba. Na ce a raina, ya Allah, ɗayansu ya yi magana. Baba ya juya kai ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, irin kallon da ban taɓa ganin ya yi masa a gaban mutum ba. Sannan barci ya ɗauke shi.

Washegari da hantsi ya cika, muna wurin mu biyu, da kalmar shahada a bakinsa. Bai kira sunan ba.

* * *

Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa an watse, Yaya ya buɗe but ɗin motarsa ya fito da kwalaye da sukurdireba. Alhajin Maraɗi bai tafi ba, yana kan bokitinsa. Na riga Yaya shiga na tsaya a gaban katakon.

"Matsa, Auta."

"Ba inda za ni. Kafin ka kwance ko noti ɗaya, sai ka tayar da jirginka. In ya faɗi, ka yi gaskiya, Baba ya lalata shi, ka kwashe komai ni zan taya ka ɗauka."

"Don't do this."

"Shekara da shekaru yana jiranka a wurin nan, kai kana falo kana cin tuwona. Yau kam sai ka yi."

Bakina kawai ke tsiwa. Ni ma ban san ko zai wuce ba. In ya kwanta, shi ke nan maganar Yaya ta tabbata har abada, kuma mai magagarin ba ya nan balle ya sake gwadawa.

Alhaji ya yi gyaran murya, bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ɗana, ni ma ɗan farina yana can Maraɗi, ya yi jikoki, ban taɓa kiran sunansa ba. Amma ka tambaye ni wa nake fara roƙa wa Allah in na ɗaga hannu."

Yaya ya dubi Alhaji. Sannan ya ajiye kwalayen, ya tako ya shigo.

Na goge dogon da ƙyallen zanin Mama, na ɗiga mai a bututu, na juya layin gefe ya haɗu da babban layi. Akwatin wutar a ƙasa-ƙasa Baba ya kafa shi, daidai tsayin kujerarsa, ba yadda za a yi a tuƙa a tsaye. Yaya ya dubi kujerar, ya dube ni, ya zauna. Na sa ya ja jirgin da baya zuwa tashar farko don ya samu hanya, sannan na ce ya murɗa.

Jirgin ya motsa, hayaƙi ya tashi. Ya tsallake gada, ya wuce gindin tsauni.

"Rage," na ce. "Ba a shiga kwana da gudu. Danna usur."

Ya danna. Kukan ya cika garejin, Alhaji ya ce, "Allahu akbar." Hancin jirgin ya shige bayan firiza, jikinsa ya bi, taragai suka bi ɗaya bayan ɗaya har ba a ganin komai. Sai ƙara, siririyar ƙarar ƙarfe na gugar ƙarfe, tana ƙaruwa. Na ga yatsun Yaya na shirin saki.

"Kada ka tsaya! Ƙara masa wuta!"

Ya ƙara. Na rufe ido, ban ma san na karkata kunne ba. Da na buɗe, hayaƙi ne ya fara leƙowa ta ɗaya gefen firizar, sai baƙin hancin, sai ƙafafun nan biyar suna juyawa lafiya lau, sai taragan gaba ɗaya, ko ɗaya bai goce ba.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya yalwata maka kabarinka, kai da ka ƙare kwanakinka kana lallaɓa babban abu a matsattsen wuri. Allah ya sada ka da Mama da fasinjojinka da suka riga ka tafiya.

Yaya ya miƙe zumbur, ya juya wajen ƙofar kicin, ya ɗaga murya irin ta mai kiran wanda ke ɗaki na gaba.

"Baba! Ya zagaya!"

Ba wanda ya amsa. Firiza na ta gurnaninta, jirgin na wuce tashoshin da ba kowa, yana sake dosar kwanar. Yaya ya koma ya zauna, hawaye na ɗiga a kan hannunsa, bai saki abin murɗawar ba. Ya rage wuta da kansa, ya danna usur da kansa. Jirgin ya shige, ya fito, ya sake shigewa.

Can ya ce, "Auta, yaya ake tsayar da shi?"

Na sani sarai. Ban gaya masa ba.